Tsabar Sadaka Da Tsabar Tarko

Akwai wata tsohuwar al'ada da na tashi na iske a gidanmu, wadda a lokacin ƙuruciya ban taɓa ɗaukarta a bakin komai ba. Duk shekara idan bazara ta kankama, rana ta fara dukan ƙasa tun da hantsi, mahaifiyata takan nemi fasasshen kasko ta ajiye a gindin darbejiyar da ke tsakar gida, ta cika shi da ruwa. In an yi sussuka ko surfe, 'yar tsabar da ta zube ba ta bari a share ta a kai bola, sai ta tattara ta watsa kusa da kaskon. In muka tambaye ta, "Inna, wannan na wa ne?" sai ta ce, "Na bayin Allah ne waɗanda ba su da bakin roƙo." Iyakar bayaninta ke nan, mu kuma ba mu taɓa neman ƙari ba.

Bayan rasuwarta da wasu shekaru, wata rana a watan Afrilu na dawo daga makaranta wajen ƙarfe biyu, sai na tarar da wata kurciya a bakin magudanar wanke-wanke, baki buɗe, fukafukai sake, tana neman abin da za ta jiƙa maƙoshi a cikin ruwan sabulu. Ganinta ya tuna mini da kaskon Inna. A ranar na nemi nawa kaskon na kafa a gindin bishiyar gidana, na ƙara da ɗan dintsin gero. Wannan ɗan ƙaramin aiki, wanda na ɗauka ba shi da wani rufi, shi ya jefa ni cikin wata tambaya da har yau nake jujjuya ta a raina, kuma ita nake son mu tattauna da kai, ya mai karatu.

Yadda Sabo Ya Faro

Kwana uku na farko babu wanda ya leƙo kaskon sai ƙudan zuma da ƙadangaru. A rana ta huɗu 'yan tsuntsayen nan jajaye, ƙanana, masu yawo a ƙasa bibbiyu, suka fara sauka. Daga nan gwara ta biyo baya da hayaniyarta, sai marai mai saƙa, shi kuwa ba ya zuwa sai da tawaga. Kurciya ce ta zo a ƙarshe, domin ita mai dogon nazari ce. Takan sauka a kan katanga ta daɗe tana karkata kai, ta dubi hagu ta dubi dama, ta sauko reshe, ta koma katanga, kafin ta yarda ta taka ƙasa. Ko tari mutum ya yi daga cikin ɗaki sai ka ji fir, wuri ya zama wayam.

A hankali wannan tsoro ya riƙa raguwa. Bayan wata biyu ina iya shimfiɗa tabarma ina duba littattafan ɗalibai, su kuma suna kiwonsu taku huɗu daga inda nake. Uwargida na iya wucewa da tsintsiya su ɗan matsa kawai su dawo. Ba na ɓoye maka, abin ya yi mini daɗi ƙwarai, har na fara alfahari da shi. In baƙo ya zo nakan nuna masa, in ce, "Dubi yadda suka saba da ni."

Ana nan sai wata Asabar da safe na ji ihun yara a bayan katangata. Da na leƙa sai na ga ɗan maƙwabcina, yaro ɗan shekara goma sha ɗaya ko sha biyu, riƙe da kurciya, ya riga ya fige mata fukafukai. Ya kifa kwando ya tokare shi da kara, ya ɗaura zare a jikin karan, ya watsa gero a ƙarƙashi, ya laɓe. Na daka masa tsawa na ce ba ya tsoron Allah. Yaron bai gudu ba. Ya sunkuyar da kai cikin ladabi ya ce, "Baba, ai ban shiga gidanka ba. Kuma tsuntsayen nan ba sa gudu. Da can sai in wuni ban kama ko ɗaya ba, yanzu da ganin gero suke saukowa." Ya ɗan yi shiru, sa'annan ya ƙara da cewa, "Ai kai ma gero kake watsa musu."

Na koma gida ban ce masa komai ba, domin ba ni da abin cewa. Geron da ya watsa da wanda nake watsawa duk daga kasuwa ɗaya suke. A idon kurciya babu wani bambanci tsakanin hannuna da nasa. Abin da ya fi ci mini rai kuwa shi ne, ni na koya mata cewa gero a ƙasa kusa da ɗan'adam ba abin tsoro ba ne. Na yi wata biyu ina karantar da ita wannan darasi, yaron kuma ya zo ya ci amfanin karatun.

Niyya Kaɗai Ta Isa?

Amsar farko da ta zo mini, wadda na san ita za ta zo wa mafi yawan masu karatu, ita ce ta niyya. Ni na watsa don Allah, shi ya watsa don tukunya. Wannan gaskiya ne, kuma ba ƙaramin bambanci ba ne, domin kuwa a wurin Mahalicci ayyuka da niyya ake auna su. To, amma akwai abin da wannan amsa ta bari a baya. Niyyata tsakanina da Ubangijina take, ita kurciya ba ta san da ita ba, kuma kyawun niyyar bai cece ta daga kwando ba. In na tsaya a kan niyya kaɗai, to na mayar da sadakar tamkar wani ciniki tsakanina da lahira, wanda shi mai karɓa ba a damu da abin da ya same shi ba.

Mu dubi abin da tsuntsun daji ya mallaka. Ba shi da rumbu, ba shi da ƙaho, ba shi da dafi. Jarinsa biyu ne, fukafuki da tsoro. Tsoron nan da muke gani kamar wauta, wanda ke sa shi tashi don motsin ganye, shi ne ganuwarsa, da shi ya tsira daga shirwa da mage da danƙon yara tun kaka da kakanni. Duk wanda ya jawo tsuntsu da abinci har ya saba, to ya karɓi wani yanki na wannan tsoro ya ba shi tsaba a madadinsa. Ashe ke nan abin da na ɗauka kyauta ce zalla, akwai musaya a cikinta. Na ba da gero, na karɓi yarda. Yarda kuwa in aka ba ka ita, sunanta amana.

Bahaushe ya san wannan a sha'anin baƙunci. Matafiyin da ya wuce ta ƙofar gidanka, in wani abu ya same shi a hanya, babu mai tuhumarka. Amma ranar da ka ce masa bismilla, ka shimfiɗa masa tabarma a zaure, ya ajiye sandarsa ya kwanta, to daga ranar tsaronsa ya hau wuyanka. In ɓarawo ya yi masa sata a zaurenka, kunyar taka ce, ko da kuwa tuwon da ka ba shi ya fi na kowa daɗi. Masu iya magana sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ni na so lada, na so kuma daɗin kallo, amma ban shirya wa askin ba.

Akwai hadisai biyu sanannu da malamai kan kawo tare a wannan babi, kuma in aka jera su sai a ga kowane ya riƙe gefe ɗaya na maganar. Na farko labarin mutumin da aka gafarta masa don ya shayar da kare mai ƙishirwa. Na biyu labarin matar da aka yi wa azaba don ta tsare kyanwa, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abincinta ba. Na farko yana nuna mana girman ladan taimakon dabba. Na biyu kuwa yana nuna cewa duk wanda ya raba dabba da hanyar da take kare kanta, nauyinta ya koma kansa. Ni ban ɗaure kurciya da igiya ba, amma sabo ma wani irin turke ne.

Abin Da Wasu Ƙasashe Suka Gani

Kada mai karatu ya ce wannan duk tunanin malamin makaranta ne da ya rasa aikin yi. A ƙasashen da ciyar da tsuntsaye a bayan gida ya zama babbar al'ada, an ga sakamakon abin a fili, mai daɗi da marar daɗi. A Amurka mutum fiye da miliyan 50 ke ajiye wa tsuntsayen daji abinci a gidajensu, har abin ya zama sana'a mai kantuna da masana'antu. A Birtaniya kuwa akwai ƙungiyar kare tsuntsaye da ake kira RSPB, wadda aka kafa a 1889, kuma tun daga 1979 take shirya ƙidayar tsuntsayen lambun gida duk watan Janairu, inda dubban ɗaruruwan mutane kan zauna na awa guda suna lissafa abin da ya sauka a gidajensu.

To, a wannan ƙasa ta Birtaniya, a shekarar 2005 aka fara ganin wata cuta tana kashe wani ɗan tsuntsu mai launin kore-kore, dangin kanari. Cutar tana kumbura maƙogwaro har tsuntsu ya kasa haɗiya, kuma da can a jikin tantabaru da kurciyoyi aka fi saninta. Yadda take yaɗuwa shi ne, marar lafiya ya tsinci tsaba ya kasa haɗiyewa ya tofar, ko ya sa baki a ruwa, mai lafiya ya zo ya ɗauka. Wuraren da suka fi haɗa su baki da baki kuwa su ne faranta da kasaken da masu tausayi suka ajiye. Yawan tsuntsun ya yi ta raguwa, har a 2021 aka sa shi cikin jerin tsuntsayen ƙasar da suka fi shiga haɗari. Babu wanda ya kafa wa waɗannan tsuntsaye tarko, masoyansu ne suka tara su wuri guda.

Akwai kuma abin mamaki ta wani gefen. Wani ɗan tsuntsu mai baƙar hula da ke haihuwa a Jamus da maƙwabtanta, al'adarsa in sanyi ya zo ya yi ƙaura kudu, wajen Sifen da arewacin Afirka. Daga shekarun 1960 sai aka lura wani sashe nasa ya sauya hanya yana tafiya Birtaniya cin sanyi, kuma masana sun danganta haka da abincin lambunan gidaje tare da sassaucin sanyin da aka samu. A 2017 ma wasu masu bincike sun kwatanta wani tsuntsu da ke Ingila da ɗan'uwansa na Holan, suka tarar bakin na Ingila ya fi tsawo, suna kuma kyautata zaton yawan cin abinci daga ma'ajin da mutane ke ratayawa ne ya jawo haka. Dubi ikon Allah, dintsin tsaba yana iya karkatar da hanyar ƙaura, yana iya taɓa halittar baki. Wanda hannunsa ke da irin wannan tasiri ba zai fake da cewa shi dai alheri ya nufa ba.

Mu ma nan gida muna da abin tunawa. A watan Fabrairun 2006 aka tabbatar da ɓullar murar tsuntsaye mai tsanani a wata gonar kaji a jihar Kaduna. Mafi yawan gidajenmu akwai kaji da agwagi da tantabaru. Wanda ya haɗa su kasko ɗaya da tsuntsayen daji ya buɗe wa cuta ƙofa ta zuwa da ta komawa.

Masu Suka Da Hujjojinsu

Da na kai wannan matsayi a tunani, sai zuciya ta ce mini to a fasa kaskon mana, kowa ya huta. Akwai kuma mutane uku da suka ƙarfafa mini wannan ra'ayi, kowanne da hujjarsa, kuma babu wadda za a yi wa dariya a cikinsu.

Ta farko uwargida ce. Tun bayan cire tallafin man fetur a 2023, da farashin hatsi ya yi tashin gwauron zabo, ta dube ni wata rana ina ɗiban gero ta ce, "Malam, almajirai na sallama a ƙofa muna cewa su yi haƙuri, kai kuma kana watsa wa tsuntsu." Wannan magana ta shige ni, domin gaskiya ce. Ɗan'adam mai jin yunwa shi ne a gaba, babu gardama a nan. Wanda ya hana maƙwabcinsa mudu ya zuba wa gwara, ya karanta littafin tausayi a juye. Sai dai da na koma ga al'adar Inna, na ga ita ba ta taɓa buɗe rumbu don tsuntsu ba. Abin da ya zube take tarawa, wanda da bola za shi. Babban abin da take bayarwa kuwa ruwa ne, kuma a bazararmu, lokacin da zafi kan haura digiri 40, tafkuna su ƙafe, ruwan ya fi tsabar muhimmanci nesa ba kusa ba. Kofi biyu na ruwa ba su rage rabon almajiri ba. Ban kuma taɓa ganin mutumin da tausayin dabba ya ƙarar masa da tausayin mutane ba. Abin da na fi gani shi ne, yaron da ya saba fige tsuntsu da rai yana dariya, shi ne in ya girma kukan ɗan'uwansa ba ya damunsa.

Na biyu yayana ne, manomi a fadamar Haɗeja. Da ya zo ya ga kaskon sai ya yi murmushin takaici ya ce, "Wato kai abokan gabarmu kake kiwo." Wanda bai taɓa ganin jan-baki ya sauka a gona ba, ba zai gane zafin wannan magana ba. Masana sun ce babu tsuntsun daji a duniya da ya kai shi yawa, ana ƙiyasta shi da wajen biliyan ɗaya da rabi a Afirka. Yakan taso kamar hadari, ya rufe gonar shinkafa ko gero ko dawa, kafin a ankara wahalar damina guda ta tafi. Yara kan wuni a gona suna kaɗa gwangwanaye, gwamnati kan tura jiragen sama su yi feshi a inda yake kwana. Manomin da ya kare gonarsa bai yi laifi ba, kuma ni mai cin albashi ba ni da bakin yi masa wa'azi.

Amma kare gona daban, ƙin tsuntsu gaba ɗaya daban. A ƙasar Sin, a 1958, gwamnatin Mao ta ƙaddamar da yaƙi da abubuwa huɗu, wato ɓera da ƙuda da sauro da gwara, bisa hujjar cewa gwara na cinye hatsin jama'a. Mutane suka fito da tukwane da ganguna suna kaɗawa, ba su bar tsuntsayen sun sauka ba har suka riƙa faɗowa matattu don gajiya. Aka farfasa sheƙuna, aka kashe miliyoyi. Sai ga fari da sauran ƙwari sun yi yawa, domin an manta cewa gwara da ƙwari take ciyar da 'ya'yanta. A 1960 aka cire ta daga jerin aka sa kuɗin cizo a gurbinta, amma a lokacin ƙasar ta riga ta shiga yunwar 1959 zuwa 1961, wadda ta hallaka miliyoyin mutane. Dalilan wannan yunwa suna da yawa, kashe gwara ɗaya ne daga ciki. Abin lura dai shi ne, tsuntsun da ke cin hatsinka da kaka, sau da yawa shi ya yi maka gadin gona da damina ba ka sani ba.

Na uku wani abokin aikina ne, malamin addini a makarantarmu. Shi cewa ya yi, "Malam, wanda ya halicce su bai ɗora maka cinsu ba. Tun kafin a haife ka suke fita da safe ciki wayam su dawo da yamma a ƙoshe." Wannan ita ce hujjar da ta fi tona ni, domin ta nuna mini abin da nake ɓoye wa kaina. Tsuntsayen ba su dogara da ni ba. In na mutu gobe za su koma wani wuri. Ni ne nake bukatarsu. Ina son kukansu da asuba, ina son ganinsu bayan hayaniyar aji, ina son jin cewa wani mai rai ya yarda da ni.

Shin wannan jin daɗi yana ɓata kyauta? A ganina ba ya ɓata ta, domin Allah da kansa ya sa daɗi a cikin alheri don mu riƙa komawa gare shi. Inda haɗarin yake shi ne lokacin da jin daɗi ya rikiɗe ya zama son mallaka. Na san wannan a jikina. Akwai wani kanari da ya riƙa zuwa kaskon, mai murya kamar sarewa, wata rana na kama kaina ina tunanin inda zan samo keji. Na ce a raina ai zan kula da shi fiye da yadda daji zai kula da shi. A lokacin ne na gane tazarar da ke tsakanina da yaron nan mai kwando ba ta kai yadda nake zato ba. Shi ya so naman tsuntsu, ni na so muryarsa, dukanmu mun so abin da ya sauko don tsaba kada ya sake tashi.

Inda Na Tsaya

Ban fasa kaskon ba, domin gudun nauyi ba shi ne sauke nauyi ba, kuma ƙishirwar bazara ba ta daina kashe tsuntsaye don ni na shiga ruɗani. Abin da na yi shi ne na sake tsari. Na ɗauke kaskon daga jikin katanga, inda mage ke laɓewa, na ɗora shi a kan tsohon turmi a fili, ta yadda mai shan ruwa zai hango abin da ke zuwa ta kowace fuska, ga kuma reshe kusa in an tashi gudu. Kullum da safe ana zubar da ruwan jiya, a wanke kaskon, a bar shi ya sha rana kafin a sake cikawa. Kajin gida an raba musu nasu wurin. Tsaba kuwa sai abin da ya zube a wajen surfe, kaɗan, a warwatse, kuma da rani kawai. Da damina ta sauka, ciyawa ta yi 'ya'ya, ƙwari suka fito, sai in janye hannuna. In na ga tsuntsu ya takure, gashi a tashe, yana kasa haɗiya, nakan ɗauke komai na makonni har taron ya watse.

Abin da ya fi yi mini wuya shi ne na daina neman su saba da ni. Na mayar da tabarmata nesa. Na hana yara miƙa musu abinci a hannu. Yau in na fito tsakar gida sukan tashi, kuma na koyi yin farin ciki da wannan tashi, domin alama ce ganuwarsu na nan.

Daga baya kuma na fahimci hikimar wani hadisi da Bukhari da Muslim suka ruwaito, wanda ma'anarsa ita ce duk Musulmin da ya dasa itace ko ya yi shuka, mutum ko dabba ko tsuntsu ya ci daga ciki, to sadaka ce gare shi. A da ina ganin wannan sadaka ce ta wanda bai ma yi niyya ba, saboda haka ƙarama ce. Yanzu ina ganin ita ce mafi tsabta ga tsuntsu, domin itace yana ciyarwa ba tare da ya jawo mai ci zuwa hannun mutum ba. Ba ya tara su baki da baki, ba ya tafiya hutu ya bar su, ba ya kuma jiran godiya. Saboda haka na dasa gwanda da zogale, na bar wata 'yar magarya da ta fito da kanta a lungu, wadda da na yi niyyar sarewa.

Shi kuwa yaron maƙwabcina, na kira shi na ba shi haƙurin tsawar da na yi masa, na kuma ɗora masa aikin wanke kaskon ranar Asabar da Lahadi. Ba zan ce ya bar farauta ba, domin an ce mini har yanzu yana zuwa bayan gari da danƙo, kuma ni ban isa in haramta abin da Allah ya halatta ba. Amma bai sake kafa kwando a bayan katangata ba, har ma shi ke korar sauran yara. Da na tambaye shi dalili sai ya ce, "Baba, ai waɗannan sun san mu."

Kammalawa

Wannan magana ba ta tsaya ga tsuntsu ba, kuma na tabbata 'yan'uwa marubuta sun riga sun hango inda ta dosa. Tsaba iri-iri ce a cikin al'umma. Akwai buhun shinkafar da ke fitowa gab da zaɓe. Akwai maigidan da ke ciyar da yaronsa shekara ashirin bai taɓa koya masa sana'ar da zai tsaya da ƙafarsa ba. Akwai attajirin da zai sayi kwafi ɗaya da kuɗi mai tsoka ranar ƙaddamar da littafi, daga ranar kuma alƙalamin marubucin ya daina ganin laifinsa. Duk waɗannan a ido kyauta ne, mai bayarwa ma wataƙila ya yarda a ransa cewa alheri yake yi. Ma'aunin da kaskon nan ya koya mini guda biyu ne. In kai ne mai bayarwa, tambayi kanka ko wanda ka ba yana da ikon tashi bayan ya ci, kuma ko ka ɗauki nauyin abin da zai same shi saboda ya yarda da kai. In kai ne mai karɓa, yi koyi da kurciya kafin ta saba, ka ɗaga kai ka duba ko akwai kwando a sama.

Kakanninmu sun bar mana kyakkyawan misali a zamansu da shamuwa. Takan zo gab da damina ta yi sheƙa a bishiyar tsakiyar gari, ba mai jifanta, ba mai ɗaure ta, ba kuma mai cewa tasa ce. Yara su yi murnar ganinta don ta zo da albishir ɗin ruwa, in kaka ta yi ta kwashi 'ya'yanta ta nufi kudancin Afirka, baɗi ta dawo da kanta. Inna ba ta yi karatun boko ba, amma irin wannan zama ta yi da bayin Allah na gindin darbejiyarta, kuma sai da na haura shekara arba'in na gane abin da take yi.

Allah ya ji ƙan iyayenmu, ya ba mu ikon riƙe amanar masu baki da marasa bakin roƙo, amin.